Glenna Napier, Mai Girkin Fursunoni

Glenna Napier tana da shekara hamsin da biyu ta shiga gidan yari, kuma da ƙafarta ta kai kanta. Haka ake yi wa irinta. Alƙali ya yanke hukunci, aka miƙa mata takarda mai ɗauke da rana da sunan wuri, aka ce ta koma gida ta kimtsa, ta tabbata ta isa kafin ƙarfe biyu na ranar. Mako shida ta samu. A cikinsu ta tone dankalin lambunta, ta ba maƙwabci karenta, ta cika wa uwarta kwalabe da wake da tumatir na cin sanyin bana.

A wani kwari na gabashin Kentucky aka haife ta. Ubanta mahaƙin kwal ne, ƙurar rami ta cinye masa huhu tun Glenna ba ta gama makaranta ba. Uwarta Opal ce ta rene su ita da wanta Arvel. Glenna ta auri wani direban motar kwal, suka haifi Rhonda da Doyle, daga baya ya tafi Ohio neman aiki bai ƙara waiwayo su ba. Shekara goma sha tara Glenna ta yi tana girki a makarantar firamaren garinsu, har ranar da santsi ya kwashe ta ɗauke da tukunyar miya, bayanta ya bugu da kwanon wanke-wanke. Likita ya rubuta mata ƙwayar kashe zafi.

A lokacin an rufe mahaƙar da Doyle yake aiki. Da farko ƙwaya biyu ya roƙa, wai ciwon gwiwa. Daga nan ta lura kwalbar tana ƙarewa kafin wata ya raba. Sai ga shi yana aron motarta zuwa Florida, inda likitoci suke rubuta ƙwayar ga duk wanda ya shigo da ƙafarsa. A tafiya ta uku ya ce ta raka shi, don ba a cika tare motar da tsohuwa take gaba ba, kuma ita ma ana iya rubuta mata nata. Ta raka shi sau tara. Ba ta taɓa cewa ba ta san abin da ake yi da ƙwayar ba. Da yake sun tsallaka jihohi, shari'ar ta zama ta gwamnatin tarayya. Doyle ya samu shekara goma sha huɗu, ita kuma wata tamanin da huɗu. Sai da ta fito harabar kotu ta lissafa da yatsu ta gane shekara bakwai ake nufi.

Rhonda ce ta kai ta, tafiyar awa biyar cikin tsaunuka zuwa West Virginia. 'Ya'yan Doyle biyu sun riga sun dawo hannunta a kan nata uku, ga aikin jinya a gidan tsofaffi. A bakin ƙofa Rhonda ta tsaya ba ta kashe mota ba, Glenna ta fita, ita kuma ta juya kan motar.

Wurin bai yi kama da abin da Glenna take gani a talabijin ba. Sansani ne na mata waɗanda ba a tsoron za su yi faɗa ko gudu. Babu katanga, babu waya mai ƙaya, sai gine-ginen jan bulo da ciyawa, da wasu ƙananan alluna a bakin ciyawar da suke cewa nan ne iyaka. Aka sa ta tuɓe, aka duba ta ciki da bai, aka ba ta kaki da takalma masu ƙarfe a baki da lambar da za ta haddace. Ɗakin kwanan babban zaure ne da aka yayyanka da gajerun bangaye, kowane lungu gado mai hawa biyu da akwatunan ƙarfe biyu.

A gadon ƙasa na lungun da aka kai ta, wata baƙar mace ce mai jiki, gashi duk furfura, tana saƙa da ƙugiyar roba. Odessa Pruitt ke nan, mutuniyar Baltimore, shekararta goma sha bakwai a tsare. Ta fara ne daga kurkukun da yake da katanga biyu, kyan hali ya yi ta sauko da ita har nan. Ta dubi Glenna daga sama har ƙasa.

"Ke kuma daga wane dutse aka gangaro da ke?"

"Kentucky."

"Na ji a bakinki. Nawa aka ba ki?"

"Shekara bakwai."

"Bakwai? Ai hutu kika zo. Kada ma ki wahalar da kanki cire takalmi." Ta koma kan saƙarta. "Ki ji ni da kyau, baƙauya, don ba na maimaitawa. Kada ki tambayi kowa abin da ya kawo ta. Kada ki zauna a gadon wata. Ƙarfe huɗu in ya yi, ko mutuwa kike ki miƙe tsaye ki rufe bakinki har a gama ƙirga mu. In kina kuka, ki yi a wurin wanka, ruwa yana taimakawa."

"To, Mis Odessa."

"Kina minshari?"

"An ce ina yi."

"Ubangiji, me na yi maka?"

Gadon sama ne ya faɗo wa Glenna, ga ciwon baya. Kwana huɗu Odessa tana kallonta tana hawa da rarrafe, a na biyar ta kwashe bargonta ta koma sama, ta bar wa Glenna na ƙasa. Ta ce ba tausayi ba ne, tsoro take kada wata rana Kentucky ta rikito mata a ka.

Kowa sai ya yi aiki. Odessa tana ɗakin wanki. Glenna aka tura ta kicin, ƙarƙashin Mista Haskins, ganduroban da ya yi wa sojoji girki kafin ya zo nan. Mata ɗari tara ake ciyarwa sau uku a rana. Wata biyu tana kankare tire, sai ranar da ta tsaya bayan mai dafa wake ta kasa yin shiru.

"Yallaɓai, wannan waken ba a jiƙa shi ba."

"Napier, an tambaye ki?"

"A'a. Amma shi ya sa rabinsa yake komawa shara, ɗakin kwana kuma ba ya shiguwa."

Ya yi kamar zai rubuta ta, sai ya miƙa mata ludayin. Ta jiƙa waken tun jiya, ta soya albasa kafin ta zuba, ta bar shi a ƙaramar wuta har romon ya yi kauri, ta gasa burodin masara irin na gida ba sukari. Matan birni suka ce burodin kamar bulo, amma ba wanda ya rage. Daga ranar 'yan matan suka sa mata Kaka Wake, sunan ya bi ta har ta fita.

Kwanaki suka shiga bin juna. Ta tashi da asuba ta tafi kicin, ta dawo da azahar ta jingina bayanta da bango, a ƙirga su, a raba wasiƙu, a ci abinci. In adadin bai cika ba a sake ƙirgawa, wani lokaci sau uku, kowa na tsaye. Ran Lahadi bayan coci takan bi layin waya. Minti goma sha biyar ake bayarwa, kuma kullum uwarta take kira. Opal ta haura tamanin, kunne ya yi nauyi, amma ba ta taɓa fashin ɗauka ba. Can cikin hira wata muryar na'ura takan katse su ta sanar cewa wannan kira daga gidan yarin tarayya yake. Opal takan amsa mata.

"Mun sani, baiwar Allah, sannu da ƙoƙari. Glenna, ina jin ki. Suna ba ki abinci kuwa?"

"Mama, ni nake dafawa."

"To da sauƙi."

Rhonda tana gidan sau da yawa, Glenna takan ji motsinta da na yara, amma ba ta taɓa karɓar wayar ba. Doyle kuwa yana wani kurkukun a Carolina ta Kudu, wasiƙarsu sai shugabannin gidajen biyu sun sa hannu, takan yi wata a hanya.

A shekara ta uku, cikin watan Oktoba, Odessa za ta cika sittin da uku. Kowa a kicin yana fitar da ɗan abu a safa ko a ƙugu, kuma kowa ya san haramun ne. Glenna ba ta saba ba, amma ran Talata ta ɗauko albasa biyu da koren tattasai da ɗan curin man shanu, don ta yi wa ƙawarta shinkafa mai daɗi a na'urar ɗumama abinci ta ɗakinsu. Ta tura su bayan akwatunansu. Ran Laraba aka kira ta ofis aka ce uwarta ta faɗi, rabin jikinta ya shanye, likitoci ba su sa rai ba. Jami'ar da take riƙe da fayil ɗinta ta ce in abin ya faru ana iya ba ta kwana uku ta je jana'iza ba tare da rakiya ba, tunda ba a taɓa rubuta ta da laifi ba. Ta ƙara da cewa ko na tsinke aka rubuta, maganar ta mutu.

Glenna ta manta da albasa sam. Ran Juma'a aka zo bincike. Mis Tolliver, ganduroba mai son aikinta, ta ja akwatunan, ta ɗago ƙunshin da yatsu biyu.

"Na wace ce?"

Kafin Glenna ta haɗa kalma, Odessa ta yi magana daga saman gado.

"Nawa ne."

"Pruitt, ke da kike wanki? Yaushe aka fara shuka albasa a injin wanki?"

"Wata ce ta ba ni."

"Wace ce?"

"Farar mace, mai kaki. Duk kamarku ɗaya a idona."

Mis Tolliver ta dubi Glenna, ta daɗe tana dubanta, sannan ta rubuta sunan Odessa. Hukuncin kwana sittin ne ba waya, ba kanti, ba baƙi. Ƙanwar Odessa sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma a cikin watan ne za ta zo.

Da yamma Glenna ta sa takalmi ta ce za ta je ta faɗi gaskiya. Odessa ta tare bakin lungun da jikinta.

"Ki je ki ce me? Su rubuta ki da sata, ni su ƙara mini ta ƙarya? Zauna."

"Ƙanwarki fa?"

"Bernice tana nan baɗi. Uwarki ba za ta kai ba. Tawa ta rasu ina shekara ta shida a tsare. A takarda na gani, bayan an binne ta da mako biyu. Zauna na ce, kina tsaye min a ka."

Bayan kwana tara aka kira sunan Napier a lasifika, aka ce ta je ofishin fasto. Duk wanda ya kwana biyu a wurin ya san ma'anar wannan kiran. Matan da suke hanya suka dare suka ba ta wuri.

Opal ta rasu. An karanta wa Glenna sharuɗɗan zuwa jana'iza ta sa hannu: ba giya, ba tuƙi, ba fita daga gundumarsu, ta dawo kafin ƙarfe biyu na ranar Alhamis. Rhonda ta zo da baƙar rigar cocin Glenna a leda. Rigar ta yi mata yawa, sai da aka kama ta da fil.

Maƙabartar dangin tana kan tudu bayan gidan Opal, mota ba ta hawa, maza shida ne suka ɗauki akwatin suna hutawa a hanya. Ba a bar Doyle ya zo ba, nasa kurkukun mai katanga ne. Maƙwabta suka cika teburin kicin da kaji da dankali da kek. Wasu suka rungume ta, wasu suka gaishe ta daga nesa. Wata da suka yi aiki tare a makaranta ta tambaye ta da ƙarfi ko an sake ta ke nan. Glenna ta ce aro aka bayar da ita. Akwai kuma matar da ɗanta ya mutu da ƙwaya shekara biyu kafin a kama su. Ta zo don Opal, ta ajiye kwanonta, ta fita ba ta dubi Glenna ba. Glenna ba ta san ko daga hannun Doyle yaron yake saye ba, kuma ba ta da bakin tambaya.

Ran Laraba da la'asar wanta Arvel ya same ta a baranda tana ɓare wake don hannunta ya samu abin yi.

"Kin tuna bukkar farautar Baba, can saman kwari? Na gyara rufin. Akwai murhu, akwai ruwa. Ba mai hawa can sai ni."

"Yaya, ka daina."

"Ko da ragin kyan hali, shekara uku fa suka rage miki, da wannan bayan. Su waye za su shigo dajin nan neman tsohuwa?"

"Za su zo. Ƙofar Rhonda za su fara bugawa, a gaban yara." Ta zuba waken a kwano. "Kuma akwai wadda ta sayo min kwana ukun nan da tsada. Ba zan sa ta ji kunya ba."

Arvel bai gane ba, ita ma ba ta yi bayani ba.

Ran Alhamis suka kama hanya da sassafe. Bayan awa biyu Rhonda ta yi magana, idonta a kan titi.

"Mama, me ya sa ba ki ce masa a'a ba? Sau ɗaya tak."

"Na ce, a farko."

"Sannan?"

"Sannan na ga in ban bi shi ba, da wasu zai tafi, kuma gawarsa za a kawo min. Haka na gaya wa kaina. Amma ni ma ina son ƙwayar, Rhonda. Ba don baya kaɗai ba. Wannan ban gaya wa alƙali ba."

"Ni kuma fa? Kin tuna da ni a duk tafiya taran nan?"

"Ke ba ki taɓa ba ni tsoro ba, shi ya sa ban tuna ba. Ban kyauta miki ba."

Rhonda ta share ido da bayan hannu, ta ci gaba da tuƙi. A wani gari ta tsaya ta sayo soyayyar kaza, suka ci a mota. Sun isa saura minti ashirin. Wannan karon ta kashe motar, suka zauna har lokaci ya kusa. Ta ce za ta duba ko za ta iya kawo yaran da bikin Ista. Ta kuwa kawo su, kuma daga nan duk wata uku sai ta zo.

Aka sake tuɓe Glenna, aka gwada fitsarinta, aka mayar mata da kaki. Ta tarar da Odessa tana saƙa.

"Au, kin dawo? Rabin ɗakin nan sun rantse kin shige daji."

"Ke me kika ce?"

"Na ce baƙauya ba ta da wayon gudu. An binne ta lafiya?"

"Kusa da Baba."

"To, Allah ya ba ta hutu. Ki je kicin gobe, tun da kika tafi tsakuwa suke ba mu."

Bayan wata goma sha huɗu aka sassauta dokar da aka ɗaure Odessa da ita, alƙali ya rage mata abin da ya saura. Ta fita da ƙarfe takwas na safe riƙe da jakar raga, Glenna tana kicin, ta taga ta hango ta. Doka ta hana tsofaffin fursunoni hulɗa da juna muddin suna ƙarƙashin sa ido, don haka ba wasiƙa, ba waya. Aka kawo wa Glenna wata 'yar shekara ashirin da huɗu daga Tennessee wadda ba ta daina kuka ba. Glenna ta gaya mata dokokin wurin kamar yadda aka gaya mata.

Kyan hali ya rage mata wa'adi, ta yi shekara biyar da wata biyar a sansanin, sannan wata shida a wani gida a Lexington inda ake fita aiki da rana a dawo a sa hannu. Makaranta ba za ta sake ɗaukarta ba, wannan ta sani. Wani mai gidan abinci a bakin babbar hanya ya ɗauke ta girkin safe, bai tambaye ta komai ba bayan ya ɗanɗana miyarta. Shekara uku tana zuwa wurin jami'in sa ido duk wata. A makon da wa'adin ya cika, Rhonda ta nemo mata lambar Bernice a Baltimore.

Odessa tana nan, a gidan ƙanwar. Ciwon suga ya sa an yanke mata ƙafar hagu daga gwiwa. Da ta ji muryar ta ce, "Har yanzu ba ki koyi magana kamar mutane ba?" Sukan yi waya yanzu sau biyu a wata. Glenna ta ce za ta je, Odessa ta ce kada ta soma, birni zai haɗiye ta. Har yau ba su haɗu ba.

Glenna tana da sittin da uku yanzu, tana zaune a gidan Opal. Ciwon bayan yana nan yadda yake, ba ta shan komai a kansa sai ruwan zafi a gora. 'Yar Doyle ta fari ta gama sakandare bara, Glenna ta zauna a layi na biyu. Doyle zai fito da bazara mai zuwa. Glenna ta ce ya sauka a wurinta, Rhonda ta ce sam, ba za a sake haɗa su biyun a ƙarƙashin rufi ɗaya ba, gara ya fara zama wurin Arvel. Sun yi maganar sau uku ba su daidaita ba, sun bar ta sai bayan Kirsimeti.